Takardar canjin aiki a aljihu, iyali a baya: tsadar da baƙo ke biya kafin ya samu gidan haya

Kowace shekara, daga ƙarshen watan Agusta zuwa farkon Oktoba, tashoshin bas na Maradi, Damagaram da Tawa kan cika da matafiya masu kama ɗaya: magidanci da jaka guda, katifa a naɗe, takarda a aljihu. Lokacin ne ake fitar da sunayen malaman makaranta da aka canza wa wurin aiki kafin komawa aji, ga kuma ma'aikatan lafiya, na banki, na kamfanonin waya da na ƙungiyoyin agaji da ake turawa wani gari a kowane lokaci na shekara. Galibinsu su kaɗai suke tafiya. Uwargida da yara ana ce musu su dakata sai an samu wuri.

Wannan dakatawa takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Ƙarancin gidaje na cikin dalilan, amma ba shi kaɗai ba ne. Kasuwar hayar gida a biranen Nijar tana tafiya ne da sanayya: babu allon farashi, babu ofishi ɗaya da mutum zai shiga a nuna masa abin da ke akwai. Wanda ya san gari ya san inda ake shirin tashi, ya san mai gidan, ya san abin da na baya yake biya. Wanda ya sauka jiya, kuma ana jiran sa a bakin aiki ranar Litinin, shi ake yanka wa farashin baƙo.

Kuɗin shiga ya fi na wata ciwo

Tambayar farko da mai neman gida kan yi ita ce nawa ne a wata. Amma abin da ke hana mutane shiga gida shi ne abin da za a ajiye a ranar farko.

A ɗauki misalin gida mai ɗaki biyu da falo da aka sa wa jika 50 na sefa a wata. Mai gida zai nemi kuɗin gaba, wanda kowa ke kira abans, sau da yawa na wata uku: jika 150 ke nan. Wasu kan ƙara da kuɗin ajiya na wata guda, saboda ɓarnar da ka iya faruwa: jika 50. Dillalin da ya kai mutum yana da nasa la'ada, wani rabin kuɗin wata, wani na wata cur. Kafin a kwana ɗaya a gidan an doshi jika 250. Ba a sa kuɗin motar da za ta ɗauko kaya daga Maradi ba, tafiyar kilomita sama da 650 zuwa Yamai, ko daga Damagaram, kusan kilomita 900. Ba a sa canjin kwado, gyaran makewayi da fenti ba, waɗanda mai gida kan ce a yi a cire a haya, daga baya kuma a yi ta jayayya a kan nawa za a cire.

Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun farkon 2024, bayan ya daɗe a kan jika 30 da ƴan kai. Jika 250 ɗin nan kusan albashin wata shida ne ga mai wannan matsayi, shi ya sa ma ba ya kallon irin wannan gida. Ga ma'aikacin da ke ɗaukar jika 150 kuwa, kusan albashin wata biyu ne a dunƙule, a daidai lokacin da yake biyan hayar gidan da ya baro iyali a ciki, yana kuma ciyar da tukunya biyu. Idan canjin ya faɗo a watan Satumba, sai ya haɗu da kuɗin rajistar yara da littattafai.

Daga nan ake shiga bashi. Wasu su karɓi rance a banki a riƙa cirewa a albashi, wasu su jira kwasar adashi, wasu uwargida ta sayar da tumakinta ko ɗan kunnenta. Da yawa kuma waya suke bugawa ga ɗan'uwa da ke Abijan, Libiya, Aljeriya ko Faransa, a turo ta Nita ko Al Izza. Masu zaman waje da dama sun san wannan kira na watan tara.

Masu gidaje ma suna da tasu hujja, kuma ba duka ce ta son zuciya ba. Babban kaso na gidajen haya ba na attajirai ba ne. Na tsofaffin ma'aikata ne da suka zuba kuɗin sallamarsu a bulo, na matan da mazansu suka rasu, na magada da ke raba kuɗin hayar a ƙarshen wata. A wurinsu gidan shi ne fansho. Kusan kowanensu yana da labarin ɗan hayan da ya kwashe kaya da tsakar dare ya bar bashin wata huɗu da takardar wuta. Kai ƙara kotu yana cin lokaci da kuɗi, fitar da mai iyali da ƙarfi kuma abin kunya ne a unguwa. Abans shi ne katangar da suka gina wa kansu. Matsalar ita ce katangar ba ta bambance mai gaskiya da maras gaskiya, kuma wanda ba shi da mai tsaya masa a garin ba ya samun sassauci.

Dillali bisa dillali

A Yamai, mai neman gida kan fara ne da lambar waya da wani abokin aiki ya ba shi. Dillalin zai ce akwai gida, a zo da kuɗin mai. Ana biyan wani abu a kowace fita, ko gidan ya yi ko bai yi ba. Sau tari shi kansa bai san mai gidan ba: ya ji ne daga wani dillali, wanda shi ma ya ji daga mai gadin layin. Kowannensu yana jiran rabonsa, kuma rabon daga aljihun mai shiga zai fito.

Dillalai na karanta mutum kafin su faɗi farashi. Suna duba takalmi, suna duba waya, suna tambayar inda ake aiki kamar hira ce kawai. Wanda ya ambaci sunan wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa ko kamfanin mai, ya ƙara wa kansa kuɗi da bakinsa. Wanda ya ce jibi iyalinsa za su iso, ya nuna ba shi da lokacin ciniki. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma a wannan kasuwa makantar tana da farashi.

Duk da haka ba a iya yi ba tare da su ba. Dillalin unguwa na gaskiya, wanda ya shekara goma a inuwa ɗaya kuma kowa ya san gidansu, ya fi kowace sanarwa amfani, domin gobe ma yana nan, kuma sunansa ne jarinsa. Haɗarin ya fi yawa a wajen sababbin dillalan waya. Shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp sun cika da hotunan gidaje masu tayil da fenti sabo, kuma sun sauƙaƙa wa mutumin da ke Tawa ya ga abin da ke Yamai tun bai taso ba. Ta nan ne kuma ake damfara: a ce gidan yana da masu so da yawa, a turo rabin abans a riƙe maka, kuɗi na shiga lamba ta daina shiga. Akwai kuma gidan da ake karɓar kuɗin mutum biyu a kansa, su haɗu a ƙofa kowa da kayansa. Waɗanda suka daɗe a harkar ba sa sakin ko dala sai sun ga cikin gidan da idonsu ko idon wanda suka yarda da shi, sun zauna da mai gidan ko wakilinsa, sun kuma tambayi mai shagon layin ko limamin masallacin unguwa wane ne mai wurin.

Gidan da zai ɗauki iyali

Abin da ya fi yawa a kasuwa ɗakunan gwauraye ne: ɗaki guda da ake kira antire-kushe, ko ciki da falo a jere cikin gida ɗaya, irin ginin da ake kira selibateriyom. Mai fili ya fi samun riba idan ya jera ƙofa shida a fili ɗaya fiye da ya gina gida guda mai tsakar gida. A ɗaya gefen kuma akwai manyan gidaje na Plato da Kwara Kano, waɗanda aka gina domin ofisoshi da baƙin waje. Abin da mai mata da yara huɗu yake nema, wato ɗaki biyu ko uku, makewayi nasa, ɗan fili na girki da shanya, yana tsakiya, kuma nan ne aka fi cunkoso.

Saboda haka iyalai da yawa kan ƙare a gidan tarayya. Mai gida zai tambayi yawan yara tun kafin ya tambayi suna, wasu kuma kai tsaye suke cewa ba sa son mai yara da yawa, saboda rami zai cika da wuri kuma bango zai sha zane. Matar da ta saba da gidan kanta a Maradi, inda ba namijin da ke shiga sai da sallama, za ta tarar da kanta tana layin makewayi da samarin da ba ta sani ba. Ga rabon kuɗin wuta: mita ɗaya, ƙofa shida, ana lissafi da yawan ƙwan fitila, fanka da firji, kuma duk wata sai an yi cacar baki a kan wanda ke da dutsen guga a ɓoye. Gidan da ke da mitarsa ta NIGELEC shi kaɗai, musamman irin wadda ake sa wa kuɗi tun gaba, ya cancanci ƙarin ƴan jikkuna a kan wanda ba shi da ita. Mai shiga gidan da ke da tsohuwar mita kuwa, idan bai nemi ganin takardar biya ta ƙarshe ba, ta wuta da ta ruwan NDE, yana iya gadon bashin wanda bai taɓa gani ba, ya kuma sani ranar da aka zo yankewa.

Mace ma'aikaciya da aka tura wani gari ita kaɗai, malama ko ungozoma, nata ya fi wuya. Masu gida da yawa sai sun tambayi ina mijin, wasu su ce sai ya zo da kansa, ko wani namiji daga danginta ya tsaya mata, ko da kuwa albashinta ne zai biya.

Inda araha take, da dalilinta

A ƙidayar 1988 mutanen Yamai ba su kai 400,000 ba. A ta 2012 sun haura miliyan ɗaya, kuma tun daga lokacin garin bai daina faɗaɗa ba, ga masu zuwa neman aiki, ga waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan jihar Tilaberi. Unguwannin tsakiya irin su Yantala, Bukoki, Lazare da Banifandu sun cika. Mai neman sauƙi sai ya fita gefe: Kwara Tegi, Changare, Basora, bayan Yamai 2000, ko hanyar filin jirgi. Haya takan sauka, amma abin da aka rage a haya sai ya koma hanya. Ma'aikacin da ofishinsa ke Plato zai shiga faba-faba ko taksi biyu kafin ya isa, haka da yamma. Mai babur yana da sauƙi, tun da litar mai ta koma sefa 499 a watan Yulin 2024, amma yara ma suna da tasu tafiyar, uwargida ma tana da kasuwa da asibiti. Gidan jika 35 a bakin gari yana iya fin na jika 50 a tsakiya tsada idan aka haɗa lissafin wata.

Sai batun ruwan sama, wanda baƙon da ya zo da rani ba ya gani. A watan Satumban 2020 kogin Kwara ya kai tsayin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, madatsar Lamorde ta karye, ruwa ya mamaye unguwannin Harobanda irin su Lamorde, Karaje da Kirkisoy, ya kuma shiga Saga a ɗaya gaɓar. Daminar 2024 ta fi muni a faɗin ƙasa: kusan mutum 400 suka rasu, sama da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, har aka ɗage komawa makarantu zuwa 28 ga Oktoba. A birnin Maradi ruwan ranar 30 ga Agusta kaɗai ya kashe aƙalla mutum 15, a Damagaram kuma tsohon masallacin Birni ya rushe a farkon Satumba. Kowane gida da ya faɗi ya ƙara mutum a layin masu neman haya.

Gidan da ke kan hanyar ruwa ba ya faɗin haka da bakinsa, mai shi ma ba zai faɗa ba. Amma alamun suna nan ga mai dubawa: layin danshi a gindin bango da sabon fenti bai gama rufewa ba, dakalin siminti da aka ɗaga a bakin ƙofa, buhunan yashi a ƙofar maƙwabta, tsakar gidan da ta fi titi zurfi. Tambaya ɗaya ga matar maƙwabci, ina ruwa ya tsaya bara, ta fi zagaye goma da dillali.

Kowane gari da tasa. A Damagaram ba a fara tambayar kuɗin haya sai an tambayi ruwa. Garin yana zaune a kan dutse, ana janyo masa ruwa daga nesa, daga Gogo da Machaya, Arunguza da Ganaram, kuma daga Maris zuwa Mayu akwai unguwannin da famfo ba ya zuwa sai tsakar dare, ko ya yi kwanaki bai zo ba. Iyali mai yara biyar da ke sayen jarka a hannun ƴan ga-ruwa yana biyan haya ta biyu ne ba tare da ya sani ba. A Maradi, wadda ambaliyar 1945 ta sa aka tayar da ita daga kwarin Gulbi zuwa tudu, har yau gangaren ya fi tudu araha, kuma dalilin bai canza ba. A garuruwan uku da ke da jami'a tun 2010, wato Dan Dicko Dankoulodo a Maradi, André Salifou a Damagaram da Djibo Hamani a Tawa, ɗalibai kan haɗa kuɗi su huɗu ko biyar su kama ciki da falo, abin da ke sa mai iyali gogayya da su a kan ƙofa ɗaya a farkon shekarar karatu.

Siminti ya sauka, haya ba ta bi ba tukuna

A watan Oktoban 2024, bayan ambaliyar, gwamnati ta rage farashin siminti, inda tan ɗaya na wanda aka fi amfani da shi ya koma jika 55 a Yamai. Masu gini sun ji daɗi. Sai dai gidan da aka aza harsashinsa yau ba zai karɓi ɗan haya gobe ba, kuma siminti kashi ɗaya ne cikin lissafi: akwai fili, ƙarfe, kwano da janyo wuta da ruwa. Kamfanin SONUCI na gwamnati da Bankin Gidaje da aka buɗe a 2018 sun fi karkata ga wanda zai mallaki gida ta hanyar biya a hankali, abin da ke buƙatar albashi tabbatacce da shekaru a wuri ɗaya. Ma'aikacin da ba shi da tabbacin inda za a tura shi bayan shekara uku, haya ce makomarsa.

Wani kaso mai yawa na sababbin gine-gine, musamman a Tawa, da kuɗin ƴan ci-rani aka yi shi. Mai gidan yana Abijan ko Tarabulus, ya bar wa ƙane ko ɗan'uwa riƙo. Ɗan haya yana biya, wakili yana cewa bai karɓa ba. Rufi yana yoyo, wakili yana cewa sai mai gida ya yi magana. Wata rana mai gidan ya dawo zai yi aure, a ce a tashi cikin wata guda. Shi ma na waje yana asara ta wannan hanya, domin sau da yawa abin da ke isa hannunsa bai kai abin da aka karɓa da sunansa ba.

Nijar tana da dokar haya tun 1996, amma yawancin hayar gidajen zama da baki ake ƙulla ta, da musafaha da shaidar dillali. Mutane na jin nauyin neman takarda, kamar zargi ne. Alhali rabin shafi ya isa: sunan mai gida da na mai shiga, kuɗin wata, abin da aka ajiye da sharaɗin mayar da shi, wanda zai yi gyara da kwashe rami, wa'adin da za a ba juna kafin tashi ko ƙarin kuɗi, sa hannun shaidu biyu. Idan mai unguwa ya sa hannu ko aka buga hatimi a ma'aikatar magajin gari, ya fi ƙarfi. Biyan haya ta kamfanin aika kuɗi ma yana barin rasit mai kwanan wata, wanda ke kare ɗan haya da mai gidan da ke waje baki ɗaya. Mai gidan da ya ƙi a rubuta komai ya riga ya ba da labarin yadda rabuwar za ta kasance.

Masu gadon ƙofa

Waɗanda suka fi samun sauƙi su ne waɗanda ba su shiga kasuwar ba sam. Malamin da aka tura Doso ya nemi lambar wanda zai maye gurbinsa, ya tambaye shi gidan da zai bari. Ma'aikaciyar lafiya da za ta bar Tasawa ta kai wadda ta zo gaban mai gida ta ce ƙanwata ce. Babu la'ada, farashi bai motsa ba, abans ma akan sassauta, domin akwai wanda ya tsaya. Ƙungiyoyin ƴan asalin gari ɗaya da ke Yamai, zaurukan WhatsApp na abokan karatu, da fadar da mutum ya fara zama a makon farko, duk suna yin wannan aiki ba tare da an sa musu suna ba. Wasu kuma da gangan suke ƙin gaggawa: su sauka a wajen ɗan'uwa ko su kama ɗaki guda na wata biyu, su koyi garin, su ga inda ruwa ke kwanciya, sannan su ɗauko iyali.

Sai dai kalandar makaranta ba ta jiran kowa. Idan Oktoba ta shiga ba a samu wuri ba, dole a sake rubuta yara a makarantarsu ta da, kuma da wuya uba ya cire su a tsakiyar shekara. Daga nan zancen ya koma sai hutun Disamba, daga Disamba ya koma sai babban hutu. Maigida ya zauna a ɗaki guda da katifa da buta, yana cin abincin layi, yana hawa bas ɗin dare sau ɗaya a wata idan albashi ya shigo, ya kwana biyu a gida ya juyo.